Yadda Aka Ba Audi Mai Shela 'Yancin Baki

A Hillar Bilyamin, wani ƙauyen Hausawa da ke tsakanin Suki da Dindir, yaro yakan san muryar Audi kafin ya gama sanin ta ubansa. Audi ne mai shelar garin. Yana da karo, amalanken nan da jaki ke ja, ya ɗaure lasifika a kan gungumen itace a gabansa, batirin mota kuma a ƙarƙashin mazauni. In an yi rasuwa shi ke faɗa, in an yi haihuwa shi ke faɗa, in akuyar wani ta tsinke ta bi garken makiyaya shi ke zagayawa yana kwatanta ta tun daga ƙaho har kofato. Gajere ne mai faɗin ƙirji, rawaninsa kullum gefe ɗaya ke saukowa kan kunne. Abin da ke ba mutane mamaki, in sun tuna su yi mamakin, shi ne duk da ya fi kowa ƙara a hillar, har furfura ta fara cin gemunsa ba a taɓa jin ra'ayinsa kan komai ba. Maganar mutane yake ɗauka ya kai wa mutane. Tasa kuwa a gida yake barinta.

Shirun nan gadonsa ya yi. Kakansa ya baro ƙasar Sakkwato da ƙafa da niyyar aikin hajji, ya iso bakin Nilu ya ce bari ya noma damina ɗaya ya sami guzuri. Har yau zuriyarsa na nan suna haɗa guzurin. Mahaifinsa Sodangi ya ƙare ƙuruciyarsa yana tsintar auduga a gonakin mutane a Jazira, kafin ya samu hawasha tasa, wato gonar haya ta ban ruwa, a wajen Suki. Bai bar wa ɗansa dukiyar kirki ba, amma ya bar masa nasiha. Duk sanda aka tare su a hanya ana tambayar takardar zama ɗan ƙasa, alhali ubansa ma a ƙasar aka binne shi, sai Sodangi ya yi murmushi ya miƙa, in an wuce ya ce wa yaron, mutum ya riƙe harshensa kamar yadda ake riƙe akalar raƙumin aro. Audi ya riƙe. Ya riƙe a makarantar allo, ya riƙe a kasuwa, ya riƙe ranar da ya auri Mero, wadda ita Allah bai ɗora mata wannan nauyin ba.

Hawashar da ya gada tana can wutsiyar tur'a, magudanar da ke kawo ruwa daga kogi. Duk wanda ya yi noman ban ruwa ya san ma'anar haka: ruwa sai ya gaisa da kowa kafin ya iso wurinka, kuma a gajiye yake isowa. A kan tur'ar kuwa, wurin da ruwan ke da ƙarfinsa, akwai hawashar Nasir, ƙanen Shehu Sulaiman mai riƙe da hillar. Nasir mutum ne mai son ruwa. In lokacinsa ya ƙare ba ya iya rabuwa da shi, sai ya jera buhunan ƙasa ya tare, ya ƙara masa kwanaki a matsayin baƙo. Kowa ya san wannan. Audugar Nasir takan kai ƙirji, ta Audi da ta maƙwabtansa ta tsaya a gwiwa tana kallon ikon Allah. In aka tambayi Audi ya amfanin gona, sai ya ce alhamdu lillahi. Da gaske yake, sai dai akwai sauran magana a bayanta da bai taɓa ƙarasawa ba.

Lasifikar ma ba shi ya nema ba. Ƙanensa Hamid ne ya dawo daga Jidda ya raba wa dangi agogo da turare, da aka zo kan Audi sai ya miƙa masa ita, wai ko ya riƙa jin muryar kansa. An yi dariya ranar. Amma da ita ya ciyar da gidansa a shekarun da gona ta ƙi, da ita ya sa 'yarsa tilo, Sara, a makaranta har ta gama sakandare.

Haka aka tafi har shekarar da gwamnatin da ta daɗe ta faɗi a Khartum. Wata kalma ta taso daga can ta biyo motocin haya da wayoyi ta shigo hilla: hurriya, wato 'yanci. Wanda ya fi kowa ɗauko ta shi ne Musbahu, ɗan yayar Audi, wanda ya dawo daga karatu a garin Madani da Hausa rabi Larabci rabi, Larabcin ne kuma rabin da ya fi girma. Shi da samari suka kafa lajna, kwamitinsu na gyaran gari, suka kira taro bayan la'asar a inuwar bishiyoyin darbejiya da ke gaban masallaci, suka ɗauki hayar Audi ya riƙe musu makarafon.

Ba a taɓa sanin hillar na da jarumai haka ba. Shehu Sulaiman, wanda hoton tsohon shugaba ya sauka daga bangon diwaninsa, zauren da yake karɓar jama'a, ba da daɗewa ba, har farin gurbinsa na nan a jikin fenti, ya miƙe ya bayyana cewa shi tun farko a zuciyarsa yake adawa. Nasir, wanda shi ke cika lori da mutane duk sanda za a je tarbar manya a Sinnar, ya ce shekarun nan duk a cikin ƙunci ya yi su. Mai kanti ya yi magana, mai niƙa ya yi magana. Mushen zaki ya sha duka ranar. Audi na tsaye gefe yana miƙa makarafon daga hannu zuwa hannu, yana jin wani abu na motsi a ƙirjinsa wanda ya ɗauka jabana ce, gahawar nan da ya sha da rana.

Da aka kusa tashi, Musbahu ya juyo wurinsa. "Kawu, kai ma ka ce wani abu. Yau kowa na da baki, yaani, babu tsoro khalas."

"Komi mutum ya ga dama?" in ji Audi.

"Komai, Kawu."

Audi ya gyara rawaninsa, ya hura makarafon kamar yadda ya saba, ya yi sallama da muryar da yake sanar da mutuwa. Ya ce shi bai san Khartum ba, sau ɗaya ya je, shi ma asibiti ne, saboda haka ba ya da ta cewa kan mutanen can. Amma ya san tur'a. Ya ce Nasir ya ji tsoron Allah ya daina toshe wa na ƙasa ruwa. Ya ce Shehu ya sani, don an sha kai masa kuka yana cewa za a duba. Ya ce Liman Alhasan ma ya sani, amma huɗubarsa ba ta taɓa wuce tsawon mayafin mata ba. Ya yi godiya ga lajna da ta ba shi dama, ya kashe makarafon.

Wurin ya yi tsit, har ana jin jakin Audi na tauna. Mutum ɗaya ya tafa, tsohuwa Fadimatu, wadda kunnenta ya daɗe da rufewa, ta ga an yi shiru ta ɗauka an tashi.

Washegari aka kira shi diwanin Shehu. An shimfiɗa tabarmi, an kawo jabana da ƙananan kofuna, an gaisa da kyau kamar ba komai, sannan aka shiga aikin da ya tara su, wato a gano mene ne hurriya da inda ta tsaya, tun da ga alama wasu sun fahimce ta a baibai.

Shehu ya fara. Ya ce babu wanda ya kai shi son hurriya, jiya ma kowa ya ji shi. Amma ita kamar bindiga ce, ba a juya bakinta cikin gida. Liman Alhasan ya bi baya da cewa a shari'a akwai nasiha akwai tonon asiri. Ya yarda abin da aka faɗa a gaban mutum ba giba ba ne, amma abin da aka faɗa a gaban mutum da lasifika wani babi ne daban, sai ya duba littafi. Musbahu ya yi dogon bayani, yawancinsa da Larabci, cewa a ƙasashen da suka ci gaba ɗan ƙasa na da ikon sukar duk wanda ke riƙe da muƙami, amma Nasir ba ya riƙe da muƙamin komai, don haka maganarsa ta zama cin mutuncin mutum. Audi ya saurara da kyau, sannan ya tambaya, to Shehu fa, ai shi yana riƙe da muƙami? Nan tari ya sarƙe Musbahu. Kowa a diwanin ya san yana neman auren Rayan, 'yar Shehu, kuma an kusa sa rana.

Abin da ya tsaya wa Audi a rai shi ne, duk tsawon zaman babu wanda ya ce ƙarya ya yi. Da ya nuna haka, Nasir ya ajiye kofinsa ya ce, "Audi, ba zancen ƙarya ko gaskiya muke ba. Zancen tarbiyya muke."

Audi ya ce to a taimaka masa, shi ba mai ilmi ba ne, a faɗa masa waɗanda aka halatta ya yi magana a kansu, don kada ya sake kuskure. Aka dubi juna. Mutanen Khartum? Aka ce waɗannan kam ya ci ƙaniyarsu yadda ya so. Na Madani? Su ma babu laifi. Na Sinnar? Shehu ya shafa gemu ya ce a nan sai a bi a hankali, don can ake zuwa neman takardu. Suki fa? Aka ce haba, Suki da muke kai kaya kasuwa, ga surukai cike. Hilla kuwa ba a ma tsaya tattaunawa ba. Da haka aka tsayar da iyakar hurriya a madatsar ruwan Sinnar: daga can zuwa gaba baki naka ne, daga can zuwa gida a yi haƙuri.

"Ashe tawa hurriyar," in ji Audi, "sai na shiga mota kahin in iske ta."

Babu wanda ya yi dariya. Aka yanke cewa tun da da lasifika ya yi ɓarna, da ita zai gyara. Audi bai musa ba. Da safe ya ɗaura wa jaki karo ya bi hillar unguwa-unguwa yana shela cewa shi Audi ɗan Sodangi yana ba Nasir haƙuri bisa faɗar da ya yi a bainar jama'a cewa Nasir na toshe ruwa da buhunan ƙasa bayan lokacinsa ya wuce, kuma yana ba Shehu haƙuri bisa cewa da ya yi Shehu ya sani. Bai bar lungu ba. Matan da ba su je taro ba, da marasa lafiya, da baƙin da suka zo awo, duk ranar suka ji. Har yau ana gardama ko da gangan ya yi. Shi dai ya ce abin da anka sa shi ya yi.

Daga nan aikin shela ya ɗauke kamar ruwan wutsiyar tur'a. Mutane suka gano kwatsam cewa waya ma na iya sanar da suna da biki. Auren Musbahu da Rayan daga Suki aka ɗauko masu kayan sauti, kawun ango na zaune a baya cikin baƙi yana cin shinkafa. A masallaci a gaisa da shi da yatsu biyu. Amma in ya tafi gona da safe, inda babu ido, sai ga mutane ɗaya bayan ɗaya suna biyo kunya, kowa da ruwan yabo a bakinsa. Wallahi Audi ka faɗi abin da ke ranmu. Namiji kenan. Bayan yabon kuma sai buƙata ta fito. Maƙwabcinsa Ali na so a yi shela cewa ma'aunin mai kanti ba ya cika. Mai kanti na so a yi shela cewa shanun Ali ne ke cinye wa mutane dawa. Kowannensu kuma da sharaɗi iri ɗaya: kada ka ce ni na ce. Audi ya lura gari cike yake da masu son gaskiya, matsalar dai kowa bakin aro yake nema.

Bai karɓi kwangilar kowa ba, amma shi kansa bakin nasa ya buɗe, kuma abin da ya daɗe a rufe in ya buɗe ba ya sanin ƙa'ida. Ya yi magana kan rijiyar makaranta, ya yi magana kan rabon iri, ya yi magana har kan abin da bai sani ba, irin su maganin feshi da dalilin zazzaɓi, inda ya tafka kurakurai da babbar murya. A gida ma ya zama malami. Wata safiya Mero na toya kisra, siririyar wainar dawar nan, shi yana zaune kan gadon igiya yana jiran shayi, yana yi mata karatu cewa zamanin tsoro ya wuce, ɗan Adam da bakinsa aka haife shi, mace da namiji duk ɗaya.

Mero ta ɗaga kisrar daga kan ƙarfe ta ninke, ba ta dube shi ba ta ce, tun da haka ne ita ma tana da magana. Sara ta ci jarrabawa, an ba ta gurbin karatun jinya a Sinnar, ya hana ta, ba don komai ba sai don kada a ce ɗiyar Audi na kwana a garin da ba danginta. Yarinya na nan tana tankaɗe da surfe, takardunta na cikin akwati. Ta ce Nasir buhun ƙasa yake sawa, shi kuwa me yake sawa?

Audi ya waiga ya ga ko maƙwabta na ji. "Mero, rage murya. Wagga magana ta cikin gida ce."

"Haka Shehu ya ce maka, Baban Sara," in ji ta, ta zuba wani ƙullun.

Ya tashi bai sha shayin ba. Ya yi kwanaki yana cin abinci fuska a ɗaure, yana amsa gaisuwar 'yarsa da ka. Ya nemi ta inda maganar Mero ta bambanta da tasa, ya juya ta gaba ya juya ta baya, bai samu ba, kuma rashin samun ya fi maganar ciwo. Daga ƙarshe shi da kansa ya ɗora akwatin Sara a karo ya kai ta tashar Suki, ya raka ta har Sinnar, ya damƙa ta hannun wata ƙawar Mero da ke aure can. Da ya dawo ya gaya wa mutane cewa shi dama ya daɗe da wannan tunanin. Mero ta ji, ta bar masa.

Ba a jima ba sama ta sake juyawa a Khartum, masu kaki suka karɓe abinsu. Jaruman Hillar Bilyamin suka tuna suna da aiki a gona. Lajna ta narke ba tare da taron rufewa ba. Musbahu ya goge duk abin da ya taɓa rubutawa a waya, ya tafi arewa haƙar zinariya. A bangon diwanin Shehu aka ga sabuwar ƙusa, babu hoto tukuna, ana jira a ga wanda zai zauna. Audi kaɗai ne ba a sanar da shi cewa an mayar da hurriya inda aka aro ta ba. Abin da ya fi ban tausayi, a lokacin ne ya yanke shawarar zama mai biyayya. Ya ce tun da dattawa sun halatta masa daga madatsar Sinnar zuwa gaba, bari ya tsaya inda aka ajiye shi. Ranar kasuwar hilla ya kunna lasifika ya yi magana kan mutanen Khartum, kan samarin da ake harbi a titi, kan tsadar man da ya sa injinan ban ruwa suka yi shiru. Bai ambaci Nasir ko sau ɗaya ba. Ya koma gida yana jin ya bi doka.

Da hantsi, wata rana, mota marar lamba ta tsaya ƙofar Shehu, mutum biyu suka fito cikin fararen kaya masu guga. Wa ya kai labari, har yau ba a sani ba, kowa na zargin kowa. Aka aika a kira Audi. Kafin ya iso diwanin ya cika, mata sun taru bayan katanga, Mero a gabansu. Kowa ya san in motar nan ta tafi da mutum, dawowarsa sai yadda Allah ya yi.

Baƙin suka tambayi Shehu ko wannan ne mai tunzura jama'a. Shehu Sulaiman ya dubi Audi, ya dubi ƙasa, ya yi ajiyar zuciya irin ta uba mai ɗawainiya. Ya ce shi ne, amma su yi haƙuri, bawan Allah ne marar lafiya, duk hillar ta san kansa ba daidai yake ba. Audi ya buɗe baki, Nasir ya riga shi. Nasir ya yi bayani mai kyau ƙwarai, har da hawaye a gefen ido: tun da jaki ya harbe shi a ka abin ya fara, shi kansa Nasir ya sha zagi a wurinsa a bainar jama'a bai ce komai ba, don ba a riƙe mai lalura da laifi. Aka juya ga Liman Alhasan, wanda ba ya son ƙarya a bakinsa. Liman ya ce shi dai zai iya rantsuwa da Alƙur'ani cewa mai hankali ba ya yin abin da Audi ke yi. Daga bayan katanga Mero ta fashe da kuka, ta ce ta gaji da jiƙa masa rubutu.

"Ƙarya suke!" in ji Audi. "Lahiyata lau. Babu jakin da ya taɓa harbi na."

Shehu ya dubi baƙin ya girgiza kai a hankali, irin na kun gani ko. Audi ya ƙara ɗaga murya, ya ce a tambayi kowa, su da bakinsu sunka ce masa daga madatsar Sinnar zuwa gaba yana iya faɗin abin da ya so, a nan diwanin anka yanke, da jabana da komai. Ƙaramin cikin baƙin ya kasa riƙe dariya. Babban ya tambaye shi ko hurriyar tasa da taswira take zuwa, Audi ya ce ƙwarai kuwa. Shi ke nan, magana ta ƙare. Suka sha jabana, suka shawarci Shehu da a riƙa cire masa batir in abin ya motsa, suka shiga motarsu.

Da ƙurar motar ta kwanta mutane suka rufe Audi da barka. Ya koma gida ya zauna bakin gado, ya cire rawani ya ajiye a cinya. Ya san sun cece shi. Ya san da ba don su ba, da yanzu yana bayan motar nan idonsa a ɗaure. Ya kuma san babu ɗayansu da ya sha wahalar neman abin da zai faɗa, kamar dai maganar ta daɗe a shirye tana jiran rana. Mero ta kawo masa ruwa, idonta a bushe sarai. Ya tambaye ta wane rubutu ta taɓa jiƙa masa. Ta ce ya sha ruwansa, gobe kuma ya je ya yi wa mutane godiya.

Ya je. Nasir ya karɓe shi hannu biyu, ya ce ai ba komai, 'yan'uwa suke, ko gobe aka sake zuwa zai sake yin shaida.

Tun daga ranar Audi ya sami abin da babu wanda ya taɓa samu a Hillar Bilyamin. An cire masa iyaka gaba ɗaya. Yana iya tsayawa ƙofar Shehu ya faɗi abin da ya so kan Shehu, kan liman, kan Khartum, kan duk mai numfashi, babu mai kiransa diwani. Mutane su saurara, su yi dariya, su ce Allah ya ba shi lafiya. Aikin shela ma ya dawo, don babu mai gaba da marar lafiya. In ya ce akuya ta ɓace sai a bazama nema, in ya ce wane ya rasu sai a ɗauko fartanya, ba a taɓa shakkar hankalinsa a nan ba. In ya shiga wata maganar ne ake cewa jikin ya motsa. Maƙwabcinsa Ali ya ga abin ya yi masa kyau, wata rana shi ma ya kwance rawani a kasuwa ya faɗa wa mai kanti abin da ya daɗe a ransa, yana wasu 'yan surutai a tsakani don a gane ba shi kaɗai ba ne. Aka kira shi diwani, aka sa ya ba da haƙuri a gaban surukansa. Shehu ya bayyana masa cewa hillar ƙarama ce, ba ta iya ɗaukar biyu.

Yaƙin da ya zo daga baya ya watsa garin na wani lokaci, wasu Gadarif, wasu inda ƙafa ta kai su, wannan labari ne mai zaman kansa. Shehu Sulaiman can ya rasu a gudun hijira. Da aka fara dawowa, Audi ya iske jakinsa babu, ƙofar ɗakinsa babu, amma lasifikar da ya binne a rumbu tana nan. Dattawan da suka rage suka zauna suka zaɓi sabon shehu, kuma bayan dogon nazari suka ga babu wanda ya cancanta kamar Nasir. Aka ba Audi shela.

Ya ɗauki lasifikar a kafaɗa, batirin a cikin baro, ya bi gari da ƙafa. A kowace unguwa ya tsaya ya faɗi abin da aka ba shi: dattawa sun naɗa Nasir shehun hilla, ana gayyatar kowa addu'a bayan la'asar. Mutane suka fito ƙofar gida suna murmushi tun kafin ya gama, suna jiran ƙarin da zai biyo baya. Bai ƙara komai ba. Ya kashe makarafon, ya tura baronsa zuwa unguwa ta gaba. Kafin azahar mata sun fara shigowa wurin Mero ɗaya bayan ɗaya, suna zama bakin tabarma, suna tambaya a hankali ko jikin Baban Sara ne ya yi tsanani.